Garken da ba ya duba kalanda: nazarin shirin wani likitan dabbobi na ganin ƙaurar Serengeti

Asalin lamarin, kafin 2024

Mutumin da wannan nazari ya shafa likitan dabbobi ne da ya yi ritaya a Kano, bayan shekara talatin da ɗoriya yana bin rugage da allurar rigakafi. Zan riƙa ce masa Likita, kamar yadda kowa ke kiransa a unguwa. Abin da ke tafe na tattara shi ne daga bakinsa, da bakin babbar 'yarsa wadda ta riƙe masa duk harkar intanet, da wani littafin rubutu mai koren bango da ya ba ni aro.

Buri ɗaya ya daɗe yana ci masa rai, ya ga nyumbu suna ƙetare kogin Mara da idonsa. Nyumbu sunan dabbar ne a Suwahili, mu ba mu da ita a dajinmu. Dangin kanki ce, ga ƙaho irin na ɓauna, ga gemu, gaba da nauyi baya a tsuke, har ka rantse ragowar wasu dabbobi aka harhaɗa aka yi ta. An daɗe ana ƙiyasta yawansu da sama da miliyan ɗaya, ban da jakunan dawa wajen 200,000 da barewar da ke tafiya tare da su. Duk shekara suna kewaya wani yanki da ya haɗa gandun Serengeti na Tanzaniya, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 14,750, da gefen Ngorongoro, da gandun Masai Mara na Kenya, wanda faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,510 ne kawai.

Ruwan sama ke juya su. Kudu maso gabashin Serengeti fili ne fetal mai gajeriyar ciyawa. Ruwan da yake samu a shekara bai fi wajen milimita 500 ba, amma ƙasarsa tokar dutse mai aman wuta ce, ciyawar cike take da sinadaran kalsiyam da fosforas da mai shayarwa ke buƙata. Duk wanda ya san abin da ke kai makiyaya Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wannan fili suke zama daga Disamba zuwa Maris, a nan suke haihuwa, yawanci a Fabrairu, 'ya'ya kusan rabin miliyan cikin 'yan makonni. Idan tafkunan wurin suka ƙafe wajen Mayu sai su nausa yamma da arewa, suna barbara a hanya, su ratsa kogin Grumeti wajen Yuni. Arewa na samun ruwa fiye da ninkin na kudu, kogin Mara kuma ba ya ƙafewa, don haka can suke cin rani daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Ruwan Nuwamba na sauka su juyo kudu.

Likita ya haddace wannan zagaye tun kafin ya taɓa cike takardar tafiya. Kuɗi ne ya fara ba shi matsala. A naira ya yi ta tari. Farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da ya lissafa zai ishe su kwana bakwai shi da 'yarsa ya koma na kwana uku.

Shirin farko, Maris zuwa Yuni 2024

Kenya suka zaɓa, saboda sauƙin shiga. Tun Janairun 2024 ƙasar ta maye gurbin biza da izinin da ake nema ta intanet, wanda kan fito cikin 'yan kwanaki.

Lokacin tafiya kuwa abu biyu suka yanke shi. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni, Likita ya ce ba ya barin gida sai ya yi layya. Na biyu shi ne kuɗin shiga gandun. Gwamnatin yankin Narok, wadda ke riƙe da Masai Mara, ta tsayar da dala 100 a kan kowane baƙo babba a rana daga Janairu zuwa Yuni, sannan dala 200 daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen shekara. Mutum biyu, kwana uku, bambancin dala 600 ne, wato wajen naira 900,000 a canjin lokacin. Likita ya duba lissafin ya ce mako ɗaya tsakanin Yuni da Yuli ba zai kashe mutum ba.

Ta intanet suka samu wani ejan. Takardar tallarsa ta rubuta cewa lokacin ƙaura daga Yuni ne zuwa Oktoba. 'Yar ta tambaye shi ta WhatsApp ko za su ga nyumbu a makon ƙarshe na Yuni, ya amsa cewa akwai nyumbu a Mara. Ya kama musu masauki mai rahusa a wajen gandun, kusa da ƙofar Sekenani ta gabas.

A farkon Mayu kogin Talek ya yi ambaliya a cikin Mara, ruwa ya shiga masaukai da dama, har sai da aka kwashe baƙi da jirage masu saukar ungulu. Hankalin 'yar ya tashi. Likita ya ce mata alheri ne, inda ruwa ya yi yawa ciyawa za ta yi yawa. Iyakar abin da ya karanta daga labarin ke nan.

Tafiyar farko, 21 zuwa 25 ga Yuni 2024

Daga Nairobi suka kama hanyar Narok a mota, kusan awa shida kafin su kai ƙofa. Tikitin shiga na awa 12 ne, daga shida na safe zuwa shida na yamma, saboda haka yinin farko sun biya kuɗin rana cur a kan 'yan sa'o'in la'asar.

Ciyawa suka tarar, doguwa, ja-ja, tana shafar ƙofar mota. Babu garken da ya zo ya cinye ta tukuna. Sun ga giwaye da raƙuman dawa, sun ga zakuna kwance, ko a ce sun ga kunnuwansu. Likita ya yi murna da ganin dari, wata dabba dangin kanki, a tsaye bisa suri, ya ce rabonsa da ita tun yana saurayi. Nyumbu kuwa sun gani, amma 'yan tsiraru, ashirin nan talatin can. Direban bai ɓoye musu ba. Ya ce waɗannan 'yan gida ne, na filayen Loita da ke gabas, waɗanda shingayen gonaki suka datse wa hanya har suka ragu ƙwarai.

Washegari suka ba kogin yini guda. Daga masauki zuwa mashigar dabbobi tafiyar kusan awa biyu ce a hanyar da damina ta ɓata. Kogin na nan yadda ya gani a talabijin, jan ruwa da gaɓa mai tsayi. Dorina na ta huci. Kadoji sun baje a yashi, baki buɗe, kamar an shanya su. Likita ya daɗe yana duban ɗaya gaɓar da madubin hangen nesa, sannan ya tambayi direban ina suke.

"Mzee," in ji direban, haka suke ce wa dattijo, "waɗanda kake nema suna can." Ya nuna kudu maso yamma da haɓa. "Grumeti. Ba su da dalilin zuwa yanzu, inda suke ma ciyawa ce har wuya."

Likita ya ce to a bi su can. Iyakar ƙasashen biyu ga ta nan a cikin daji, turken siminti ne kawai, dabba na wucewa ba mai tambayar ta. Mutum ne ba ya wucewa. Ƙofar Sand River da ke haɗa gandunan biyu a rufe take ga 'yan yawon buɗe ido tun 1977, lokacin da Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya, kuma ko da aka buɗe iyakar a 1983 ita ba a buɗe ta ba. Mai son shiga Serengeti daga Mara sai ya fita ya zagaya ta garuruwan kan iyaka na Isebania da Sirari. Ko da sun yarda da zagayen, ba su da bizar Tanzaniya, kuma mai fasfon Najeriya ba a ba shi ita a bakin iyaka.

Ranar 25 ga Yuni suka koma Nairobi, ranar da masu zanga-zangar ƙin dokar haraji suka kutsa majalisar dokoki. Direban ya bi da su ta bayan gari ya sauke su a filin jirgi. A littafin Likita, ƙarƙashin wannan tafiya, layi ɗaya ne: kwana 3, awa 2 a bakin kogi, ƙetarewa babu.

Gyare-gyaren da ba su yi ba, Agusta 2024 zuwa Fabrairu 2025

A watan Agusta bidiyoyin ƙetarewa suka cika waya, a daidai gaɓar da ya tsaya. Ya sa 'yar ta nemo masa ɗaki a Satumba ko da shi kaɗai ne. Masaukan da ke kusa da kogi sun cika tun watanni, 'yan ragowar kuma kuɗinsu ya fi ƙarfinsa. Aka bar maganar.

Daga nan ya sauya buri. Ya ce tun da kogi ya ƙi, bari ya je ya ga haihuwa a Ndutu, a kudancin Serengeti, wadda ta fi ƙetarewa tabbas don dabbobin a zaune suke wuri ɗaya. Ga shi abin da ya shafi aikinsa ne, ɗan nyumbu kan miƙe tsaye cikin 'yan mintuna da faɗowarsa, yana son ya gani. Suka kama kwana huɗu a mako na biyu na Fabrairun 2025, don su dawo kafin azumi da ya kama 1 ga Maris. Aka biya kafin alƙalami a watan Disamba.

Biza sai a mako na biyu na Janairu suka nema. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ke tura takardun 'yan ƙasarsu ga hedikwatar shige da fice don a amince kafin a ba da biza, Nijar da Chadi ma suna ciki. Ƙa'idar a rubuce take, a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya kuɗin jirgi ko masauki sai amincewa ta fito. 'Yar ta ce ta ga rubutun, ta ɗauka irin gargaɗin nan ne da ake sakawa don cika shafi. Ranar tafiya ta zo ta wuce babu amsa. Sharaɗin da suka sa wa hannu ya ce wanda ya fasa a makonnin ƙarshe ba a mayar masa da kafin alƙalami. Ba a mayar ba.

Sabon shiri, Maris zuwa Agusta 2025

A cikin azumin ne koren littafin ya fara cika. Likita ya raba shafi gida-gida, kowane mako ya rubuta inda jagororin daji ke cewa garken yake, da inda aka yi ruwa. 'Yar ke nemo rahotannin, shi yana rubutawa. Ta kuma tono masa na shekarun baya.

Abu biyu suka fito daga shafukan. Na farko, ranar isowar garken bakin Mara tana motsi da makonni daga shekara zuwa shekara, amma daga Agusta zuwa farkon Oktoba da wuya a rasa su a wani gefen kogin. Na biyu shi ne ya fi ba shi mamaki. Ya ɗauka ƙetarewa sau biyu ake yi, a tafi a dawo, kamar yadda makiyayi ke haye Binuwai. Ashe garken rarrabuwa yake yi, wani rukuni ya haye arewa yau, jibi ya dawo kudu, duk inda ɗan yayyafi ya fito da sabon tsiro. Ya kuma lura cewa wani dogon ɓangare na kogin yana cikin Tanzaniya ne, a arewacin Serengeti, tsakanin Kogatende da Lamai, kuma dabbobi da yawa a nan suke kai da kawo duk tsawon ranin.

Sai ya juya jerin shawarwarinsa. A baya rana yake fara zaɓa, sauran abubuwa su biyo. Yanzu ya fara da biza, sannan wuri, sannan yawan kwanaki, rana ta zo a ƙarshe.

Kamfanonin yawon buɗe ido uku na garin Arusha da ke Tanzaniya suka aika wa tambaya iri ɗaya: ina garken yake a makon nan, ina yake bara war haka, kuma za mu ga ƙetarewa? Biyu suka amsa da hotuna da tabbaci. Na uku ya faɗi inda garken yake, ya ce ba shi da ikon yi musu alkawarin ƙetarewa, amma wanda ya yi kwana huɗu ko biyar kusa da kogi ya fi wanda ya yi biyu dama nesa ba kusa ba. Shi Likita ya ɗauka. Ya kuma nemi a rubuta masa cewa idan biza ta makara za a ɗaga masa kuɗinsa zuwa wani lokaci maimakon ya salwanta. Aka rubuta. Farkon Yuni suka tura takardun biza da wasiƙar kamfanin, amincewa ta fito kafin ƙarshen Yuli.

Masaukin da suka kama zangon tantuna ne irin wanda ake tayarwa, yana Ndutu lokacin haihuwa, a kwashe shi a kafa a Kogatende lokacin rani. Daga tantinsu zuwa mashiga mafi kusa bai kai minti 20 ba. Kwana biyar. Kuɗin shiga Serengeti dala 70 ne a rana kafin haraji, wajen 83 da harajin, sai kuɗin kwana a cikin gandu da ake ƙarawa. Don kwanakin su samu, Likita ya soke ziyarar ramin Ngorongoro da Zanzibar da 'yar ta so, ya ɗauki tanti mafi sauƙi, kuma tun Maris duk wata yake sayen dala ya ajiye.

Tsakiyar Satumba suka tsayar. Yuli da Agusta ne hutun makarantun Turai, lokacin da motoci suka fi cika. A Yulin shekarar ma wani bidiyo ya yaɗu na motoci sun yi dafifi a wata mashiga ta Kogatende, mutane sun sauko, dabbobi sun rasa ta inda za su fita.

Sauran shirin ƙanana ne. Ƙaramin jirgin da ke kai mutane daji kilo 15 yake yarda da shi, a jaka mai laushi. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019, don haka sai da aka zazzage duk ƙulle-ƙullen da Hajiya ta yi aka sake zubawa. Aka nemo katin rigakafin shawara. Da aka ce kada a sa baƙi ko shuɗi mai duhu saboda ƙudan tsando, Likita ya yi dariya ya ce da hannunsa ya sha kafa tarkon tsando, kuma da ƙyalle shuɗi da baƙi ake yin sa. Duk da haka sai da 'yar ta zare shuɗiyar shaddarsa daga jaka. Sun sanar da zangon batun abincin halal tun da wuri. Salla kuwa, tun da ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ya yi niyyar ƙasaru da haɗa azahar da la'asar.

Tafiya ta biyu, tsakiyar Satumba 2025

Ta Addis Ababa suka bi zuwa filin jirgin Kilimanjaro, suka kwana Arusha, da safe ƙaramin jirgi ya ɗauke su. Tun daga sama Likita ya hango baƙaƙen layuka a kan tudu kamar jerin tururuwa. Daren nan bai yi barcin kirki ba. Kukan nyumbu kamar na kwaɗi yake a fadama, kuma sun kewaye tantin.

Rana ta biyu sun fita da shida da kwata, cikin sanyi irin na hunturun Jos. Mashigun kogin a wannan yanki lamba ake ba su, direbobi na kiran juna ta oba-oba suna faɗin lambar da dabbobi ke taruwa. Wajen ƙarfe takwas suka sami wani rukuni ya cika gaɓa. Direban ya kashe mota can baya ƙarƙashin bishiya, tare da wasu motoci kamar goma. Ƙa'ida ce, ba a matsawa sai dabbar farko ta faɗa ruwa, don ƙarar inji kaɗai ta isa ta wargaza su. Suka zauna. Na gaba su gangara har ƙofatonsu ya taɓa ruwa, su tsaya suna kallo. Jakin dawa ya sha ruwa ya juya. Wani abu ya motsa, ko bai motsa ba, sai duk su kwasa a guje su hau tudu, ƙura ta tashi, bayan rabin awa a sake sabon taro. An shanye shayin fulas, an cinye ƙwai da burodi. Ƙarfe ɗaya garken ya juya baya ya bazu yana kiwo kamar bai taɓa ganin kogi ba.

"Baba, awa biyar fa," in ji 'yar.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "ban taɓa ganin saniyar da ta shiga ruwa don ana kallon ta ba."

Rana ta uku suna gadin wata mashiga aka kira cewa an fara a wata can ƙasa. Minti 40 suka yi a hanya mai duwatsu, suka tarar da jiƙaƙƙun dabbobi suna karkaɗe jiki a ɗaya gaɓar. Da magariba hadari ya haɗu a arewa, ta wajen Lamai, ana ta walƙiya, iska na kawo ƙanshin ƙasa. Likita ya tsaya bakin tanti yana kallo. Ya ce wa direban gobe na gefenmu za su so hayewa, kuma ya fi son su tsaya wuri ɗaya su daina bin oba-oba. Direban ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan.

Rana ta huɗu tun bakwai suna mashigar da suka zaɓa, mai fuskantar inda aka yi ruwa. Layuka na ta gangarowa daga tuddai suna haɗuwa. Ƙarfe goma da minti arba'in wata ta yi tsalle daga gaɓa mai tsayin ɗaki. Likita ya ce bai ga abin da ya bambanta wannan karon da na shekaranjiya ba, kawai dai ta faɗa. Motoci suka tashi gaba ɗaya. Kafin su tsaya a baki kogin ya cika da kawuna da ƙahoni, ruwa na jan layin yana lanƙwasa shi ƙasa. Na baya na faɗowa a kan na gaba. Ƙura da kuka da ƙarar ruwa suka haɗu har ba ka jin na kusa da kai. A ɗaya gaɓar mafitar ƙunci gare ta, ga santsi, suna hawa suna zamowa. 'Ya'yan Fabrairu, 'yan wata bakwai, suna iyo da haɓa a kan gadon bayan iyayensu. Kada ya ɗaga kai kusa da ɗaya, ruwa ya yi juyi, shi ke nan. Can sai ga wata uwa da ta riga ta haye ta dawo bakin ruwa tana kuka, ta sake faɗawa ta iyo baya, ita kaɗai tana saɓa wa dubbai.

Minti 25 aka yi, sai layin ya yanke da kansa, rabin garken ya tsaya a gefen su Likita yana kallon rabin da ya haye. 'Yar ce ta ɗauki bidiyo. Likita madubinsa na rataye a wuya, bai tuna da shi ba.

Rana ta biyar sun ga wani ɗan rukuni ya hayo daga arewa zuwa kudu, minti biyar. A wata kwanar kogin gawarwaki sun taru a jikin duwatsu, ungulaye da babba-da-jaka a kansu. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa nyumbu sama da 6,000 ke nutsewa a Mara a matsakaiciyar shekara, kuma naman da ƙashin abinci ne ga kifaye da sauran halittun kogin. Likita ya roƙi a tsaya a wurin fiye da yadda 'yar ta so.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina tafiyar farko ba ejan ne ya kashe ta ba. Bai yi ƙarya ba, akwai nyumbu a Mara. Tambayar ce ba ta kai ba. Dala 600 da aka tsira da su ta hanyar zuwa a Yuni su suka jawo asarar kuɗin jirgi da masauki gaba ɗaya, domin Narok ba ta ninka kuɗin daga Yuli a banza ba, farashin da kansa yana faɗin lokacin da ake sa ran garken. Ambaliyar Mayu ma alama ce da likitan dabbobi ya fi kowa cancantar karantawa. Shekarar da ruwa ya wadata ko'ina, dabbar da ke kudu ba abin da zai kore ta da wuri. Ya san haka game da shanun Fulani. Bai kawo nyumbu ma haka suke ba, don a takardar talla ya fara ganin su, an zana musu kibiya da sunan wata.

Asarar Fabrairu ba ruwanta da dabbobi. An biya kuɗi kafin a sami izinin shiga ƙasa, alhali gargaɗin na rubuce.

A tafiya ta biyu abin da ya fi nauyi shi ne yawan kwanaki da kusanci da kogi. Sun yi safiya huɗu a bakin ruwa, ɗaya ce ta ba su abin da suka zo nema. Da kwana uku suka kama a zango ɗaya, a mako ɗaya, da sun koma gida da labarin jiƙaƙƙun dabbobi. Zaɓen Satumba ya rage haɗarin zuwa kafin garke, minti 20 zuwa mashiga ya sa suna wurin tun kafin taro ya haɗu, tsayawa wuri ɗaya bayan ganin inda aka yi ruwa kuma ya hana su maimaita tseren rana ta uku. Ba na ganin Tanzaniya ce sirrin. Wanda ya yi kwana biyar kusa da kogi a ɓangaren Kenya a Agusta ko Satumba zai iya samun irin wannan, zai dai biya dala 200 a rana, amma ya huta da jiran biza, musamman da Kenya ta ɗauke wa yawancin 'yan Afirka neman izinin intanet ɗin a 2025.

Akwai kuma rabon da shiri ba ya saye. A zangonsu wasu mata da miji sun yi kwana biyu, jirginsu ya tashi ƙarfe tara na safiyar rana ta huɗu, ba su ga komai ba. Wani baƙo kuma da wannan jirgin ya sauke ya tarar da ƙetarewar a hanyarsa ta zuwa zango, jakarsa ma ba a sauke ba. Likita ya ce mutumin ya tambaye shi da dare ko kullum haka ake yi.

Inda aka tsaya

Kafin alƙalamin Fabrairu bai dawo ba, haihuwar Ndutu kuma har zuwa haɗuwarmu ta ƙarshe bai gan ta ba. A lokacin ana sa ran azumin 2026 zai kama wajen 18 ga Fabrairu, don haka makon farko na watan yake hari, da sharaɗin zangon ya bar masa damar matsar da ranar in ruwan Disamba ya makara. Takardun biza ya tura su sati biyu da dawowarsa, wata huɗu kafin tafiya. Da na je mayar masa da koren littafin na tarar ya sayi sabo, ya riga ya ja layukan shafin farko, gidan ranar da ruwa ya fara sauka a Ndutu yana nan fari.